Ranar da Aka Kai Malam Fada Kan Kallon Agwagwa

Mijina malamin makaranta ne, mutumin Zariya. Aiki ya kawo shi Birnin Kabi a zamanin da muke cikin jihar Sakkwato, lokacin da ko taga ce ta karye a aji sai takarda ta je Sakkwato ta huta ta dawo kafin a kira kafinta. Ni ma koyarwa nake yi a firamare, shi ya sa muke kiran juna Malam da Malama, kai ka ce taron ma'aikata muke zaune ba aure ba. Ni 'yar Gulma ce, ɗiyar manomin shinkafa. Na faɗi wannan tun da wuri don a san idon da nake kallon tsuntsu da shi. A gidanmu tsuntsu iri biyu ne: wanda ke cin shinkafarmu, da wanda muke ci da shinkafa.

Akwai wani Bature a makarantar su Malam, yana koyar da labarin ƙasa. Da zai koma gida ya rabar da kayansa ga abokan aiki. Wani ya samu fanka, wani ya samu agogon bango. Maƙwabcinmu, mutumin Filato, ya dawo wa matarsa da keken ɗinki, har ta yi guɗa irin ta garinsu. Ni kuwa ina tsaye a ƙofa ina jiran rabona, sai ga Malam da madubin hangen nesa rataye a wuya, da wani littafi mai kauri cike da hotunan tsuntsaye. Ya ce shi ya zaɓa da kansa. An ba shi zaɓi tsakanin wannan da risho mai kai biyu.

Tun daga ranar gidanmu ya canza. Da sanyi ya shigo, ruwan fadama ya fara ja baya, sai Malam ya riƙa fita bayan sallar asuba a kan Basfa, ya tsaya a gangaren da ke kallon fadama, ya dawo kokonsa ya yi sanyi ya daskare, hancinsa na yoyo, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

"Malama, kin san abin da na gani yau?"

"Tsuntsu."

Sai ya buɗe littafin ya ɗora yatsa, ya karanto wani suna mai tsawo kamar sunan maganin asibiti. In leƙa in ce, "Kirinjijiya ce." Ya ce a'a, ai wannan sunan gargajiya ne kawai. Ya nuna wani, in ce zalɓe. Ya nuna wani, in ce zakaran ƙeƙuwa, wanda ke hana maharba sakat da ihunsa. Duk tsuntsun da na sani tun ina goye, a wurin Malam bai zama tsuntsu ba sai ya same shi a shafin Bature.

Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne baƙin tsuntsayen da ke zuwa da sanyi. Ya ce daga Turai suke tasowa, su ƙetare teku da hamada, ba fasfo ba direba, su sauka a fadamarmu. Akwai wata ƙaramar agwagwar ruwa, namijinta yana da farin zane a kan gira, ita ce burinsa. Na ce to, duk wannan tafiyar don su ci gonar wani suke yi. Ya ce ba ni da ruhin kimiyya.

Yana da ƙaramin littafin rubutu da yake sa abin da ya gani, da Turanci. Na yi ta masa tsiya, na ce tsuntsayen Kabi, a ruwan Kabi, amma labarinsu sai da harshen Ingila. Abin ya cije shi, ya koma rubutawa da Hausa. A lokacin na ɗauka nasara na yi.

Da aka ba da hutun ƙarshen shekara muka hau Basfa muka tafi Gulma. Mun iske ana cikin yankan shinkafa, janbaki kuwa sun sauka kamar an aiko su. Wanda bai san janbaki ba, ƙananan tsuntsaye ne masu tafiya garke guda, in suka taso sai su yi duhu a sama, in suka sauka a gona abin da aka yi wata biyar ana wahala a kai su share shi kafin azahar. Duk gidanmu yana fadama, ana kaɗa gwangwani, ana jifa da majajjawa, murya duk ta dushe.

Washegari Malam ya bi su gona, wai zai taimaka. Ya sa kwat, ya naɗe wuya da mafila. Yana isa garken ya taso, ya juya a sama, ya sauko kan shinkafar Baba. Malam ya ɗaga madubi. Sai ya ɗaga hannu ɗaya kamar yana gaban aji.

"Don Allah ku ɗan yi shiru minti biyu."

Yayana, wanda ke riƙe da gwangwani, ya tsaya da baki buɗe. Baba ya kau da kai. Tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya, kuma Baba mutum ne mai riƙe ta. Da maraice ya kira ni gefe.

"Ke, lahiya Malam shike?"

"Lafiya lau, Baba. Kallon tsuntsaye yake yi."

"Shi kalle su shi yi mi?"

"Ya rubuta ya gan su."

Sai Baba ya ce in gaya wa Malam akwai wani tafki a ƙetaren gulbi, ta wajen Argungu, inda agwagin ruwa ke taruwa ba iyaka, ga dinya ga gauraka, can ya kamata mai ilimi irinsa ya je. Har ya shirya masa mai jirgin da zai ƙetarar da shi. Malam ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe Baba ya fahimci abin. Ni na san Baba nesa da gonarsa kawai yake nema masa.

Kwana biyu Malam yana fita da sassafe yana dawowa da hantsi, wandonsa jiƙe da raɓa, ƙaiƙayi ya cika masa kwat. Ya ce ya samu wuri mai kyau, cikin doguwar ciyawa, inda yake kwanciya rub da ciki ba mai ganinsa. Ya ce ya ga agwagwar tasa, har da mai farar girar.

Rana ta uku hantsi ya yi bai dawo ba. Mai jirgin ne ya zo shi kaɗai, ya durƙusa gaban Baba, ya yi ta gaisuwa kamar ba zai gama ba. Da ƙyar ya fito da maganar. Ashe bayan tafkin nan, daidai inda madubin Malam ke fuskanta, akwai mashigin da matan wani ƙauye ke wanki da wanka. Wata ta hango ƙyallin gilashi cikin ciyawa tun ranar farko. Yau mazajensu suka zagayo ta baya suka same shi kwance. Yanzu yana zauren maigarinsu.

Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ni kuma na ɗauki babban littafin hotunan na ɓoye cikin mayafi na bi shi bakin ruwa. Ya dube ni, ya dubi ƙullin da ke hammatata, bai hana ni shiga jirgin ba.

A can Baba ya shiga zaure, ni aka nuna mini cikin gida, bayan zanar da ta raba zauren da tsakar gida. Matan mashigin duk suna nan zaune, sun kasa kunne. Ba wadda ta san ni. Suka matsa mini wuri, suka ɗauka ni ma kallo na zo.

"Ƙato na, da idanu huɗu," in ji wata.

"An ce malamin boko na. Su dai haka suke."

"Allah sarki matatai."

Akwai wata tsohuwa mai carbi a wuya, ita ce ta kawo ƙarar. Ta ce ita dai ta san inda gilashin nan ya dosa, don duk inda ta juya yana biye da ita. Wata mai goyo ta ce, "Haba Inna, ni ka tsaye bayanki." Nan fa gardama ta kaure, ƙasa-ƙasa, kan wadda aka kalla. Ban taɓa ganin mutane suna rububin zama wanda aka zalunta irin na ranar ba.

Ta ƙofar zanar ina hango Malam. Yana zaune a ƙasa, ba hula, ciyawa a gashinsa, madubin da ƙaramin littafinsa suna gaban Maigari a kan buzu. Maigari dattijo ne mai ƙiba, mai magana a hankali kamar yana tauna kowace kalma.

"Malam, mi kaka kallo?"

"Ranka ya daɗe, agwagwa."

"Taka ta ta ɓace?"

"A'a, ranka ya daɗe, ta daji ce."

"Halbinta za ka yi?"

"A'a."

"Tarko kas sa?"

"A'a. Ganinta kawai nake so in yi."

"Ka gane ta, sannan mi?"

"Sannan in rubuta."

"Ka kai ma wa?"

"Ba kowa. Ajiyewa nake yi."

Zauren ya yi tsit. Maigari ya dubi Liman da ke zaune gefensa, Liman ya dubi rufin ɗaki. Malam ya ga an yi shiru, ya ɗauka an ba shi aji ne. Ya gyara zama ya fara bayanin Turai da ƙanƙara da hamada, har yana zana taswira da yatsa a ƙasa. Maigari ya bari ya kai tsakiyar teku, sannan ya ce tunda akwai rubutu, a karanta rubutun. Ya miƙa wa magatakardansa ƙaramin littafin.

Da Turanci ne da magatakardan nan bai iya ba. Amma na riga na yi aikina, da Hausa yake. Ya buɗe shafin ƙarshe ya karanta da ƙarfi, yana jan kowane harafi:

"Mata tara a bakin ruwa. Uku suna wanka. Ɗaya ta fito tana shan hantsi, ƙirjinta da ɗige-ɗige, kyakkyawa ƙwarai. Ba su san ina nan ba."

Salati ya tashi a zaure, ya tashi a bayan zana. Tsohuwa mai carbi ta dafe ƙirji ta ce, "Kun jiya? Ɗige-ɗige!" Wani daga cikin mazan ya miƙe, sai da aka riƙe shi. Malam yana ta cewa, "Matan agwagi! Matan agwagi nake nufi!" ba mai jinsa.

Nan na ciro littafin hotunan na miƙa ta saman zana, na ce a ba Maigari, a ce Malam ya buɗe shafin. Matan suka juyo gaba ɗaya.

"Ke wace ta?"

"Matarsa ce ni."

Wadda ta ce Allah sarki matatai ta sunkuyar da kai ta fara gyara ɗankwali.

Malam ya buɗe shafin. Ga agwagwar, namiji da farar gira, macen da ɗige-ɗige a ƙirji. Aka zagaya da littafin. Wani masunci ya ce ai ya san ta, ba ta da nama, duk ƙashi ce. Hankali ya ɗan kwanta, amma ba duka ba, don hoto bai hana a ce mutum ya haɗa kallo biyu ba.

Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, surukina na. Ni nab ba shi ɗiyata, kuma ni nat turo shi nan. Ba lalatacce ba na. Boko na yay yi mai yawa. Shekaranjiya waccan da idona nig gane shi tsaye cikin gonata, janbaki na cin shinkahwata, shina murmushi, har shina cewa a yi musu shiru. Mutumin da yay yi wanga, ranka shi daɗe, ba mata ad damuwatai ba. Addu'a shika buƙata."

Dariya ta fashe, har wanda aka riƙe ɗazu. Na ga Malam ya sunkuyar da kai. Shekara huɗu yana auren ɗiyar mutumin nan, bai taɓa jin abin da yake ɗauka a kansa ba sai ranar, gaban jama'a, kuma da shi aka wanke shi.

Da ya ga iska ta juyo wajensa, sai ya ƙara da nasa. "Wallahi, ranka ya daɗe, kwana ukun nan ban ga mace ko ɗaya ba. Ban ma san akwai mutane a wurin ba."

Bayan zana kuwa fuskoki suka canza. Tsohuwa mai carbi ta ja tsaki. "Kwana ukku," ta ce, "mutane cike da mashigi, shi agwagwa yag gani." Mai goyon ta ce lalle ba shi da lafiya. Ƙarar da suka kawo ta faɗi, amma sai yanzu suka ji haushinsa na gaskiya. Tsohuwar ta juyo ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta ce a hankali, "Ɗiyata, ke shina kallonki?" Na yi dariya na gyara mayafina.

Saura madubin. Maigari ya ce zai duba abin da kansa. Ya ɗauka ya kafa a ido ta baya, ya ga fadawansa da Liman da kowa sun koma ƙanana can nesa. Ya daɗe a haka. Ya ce abin yana da hikima. Da Malam ya juya masa shi daidai, ya tashi ya fita ƙofar zaure, jama'a na biye, ya dosa fadama. Daga nan ana hango gonar albasarsa, inda ya sa mutum huɗu ban ruwa tun safe. Mu da ido muna ganin ɗigo-ɗigo ne kawai ƙarƙashin wata bishiya. Shi ya ga abin da ya gani. Ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya ce ɗayan har ya yi matashi da guga.

Ya dawo ya zauna ya yanke hukunci. Malam ba shi da laifi. Amma abin nan yana da hatsari a hannun wanda ba shugaba ba, don haka zai zauna a fada, ajiya, har hankalin mutane ya kwanta. Malam ya buɗe baki, Baba ya taka masa gefen riga. Aka yi fatiha.

Muka shiga jirgi muka kamo hanyar gida. Rana ta yi sama, sanyin ya sake, ruwan ya kwanta. Malam yana zaune a tsakiya da hularsa a hannu, wuyansa ba komai. Mun kai rabin gulbi sai Baba ya nuna wani tsibirin ciyawa da haɓa, ba tare da ya dubi surukinsa ba.

"Ga abarka can."

Malam ya ɗaga kai. Suna nan kuwa, sun fi ashirin, kusa ƙwarai. Baba ya ce in ruwan gulbi ya fara ja baya suke zuwa, bayan kirinjijiya ta gama ƙyanƙyasa, kuma ba su kai zafi, da an fara cire albasa za a neme su a rasa. Ya ce tun yana yaro yake mamakin inda suke zuwa, don bai taɓa ganin ƙwansu ba, kakansa ma bai gani ba. Malam ya ce a Turai suke yin ƙwan. Baba ya ce, "To." Can kuma ya ce, "Ashe." Malam ya laluba aljihu ya ciro ƙaramin littafin da biro. Baba ya ce, "Malam, kak ka rubuta." Ya mayar.

Da muka koma Birnin Kabi labarin ya riga mu isa. A ɗakin malamai, da ya shigo sai wani ya tambaye shi yau mata nawa. Matar maƙwabcinmu ta ɗinka mini riga kyauta a kan kekenta, kamar mai yi mini jaje. Malam ya rubuta wa Maigari wasiƙa ta neman kayansa, mai sakin layi biyar. Aka aiko da gaisuwa da kwandon albasa. Ya sake rubutawa. Aka aiko da busasshen kifi. Na ce masa ya ci gaba da rubutun, ko banza miya ta samu.

Bai daina fita ba. Ya riƙa zuwa gangaren da idonsa kawai, in mun je Gulma kuma ya zauna nesa kaɗan da Baba a bakin gona yana tambaya, Baba yana amsawa yana kallon wani wuri. Gwangwani ma ya koyi kaɗawa, ko da yake yayana ya ce yana yi ne kamar mai ba tsuntsayen haƙuri.

Sai da damina biyu ta wuce, wata ranar kasuwa, wani bafade ya yi sallama a ƙofarmu da ƙunshi a tsumma. Malam ya kwance da sauri. Rabin madubin ne. Ido ɗaya, an yanke shi a tsakiya, wurin yankan an goge shi sumul.

Bafaden ya yi bayani ba ko kunya. Liman ya ce yana da haƙƙi a ciki saboda duban wata. Maigari ya ce gonarsa ba ta iya zama ba tsaro. Da abin ya so ya zama rigima aka kira maƙeri ya raba musu. Yanzu Liman ya ce idonsa ya yi rauni, ko da madubin ba ya ganin komai, shi ne ya ce a mayar wa mai shi da nasa rabin, kada ya mutu da kayan mutane. Na Maigari kuwa yana nan, hankalin mutane bai gama kwanciya ba.

Malam ya juya abin a hannu, ya hura gilashin, ya goge da bakin riga. Ya rufe ido ɗaya ya kafa shi a ɗayan, ya dosa dalbejiyar da ke ƙofar gida, inda hasbiya biyu ke zaune. Ya daɗe.

"Yana yi?" na tambaya.

"Yana yi," ya ce. Sannan ya juya ga bafaden, da ladabinsa duka, ya ce a gaishe da Liman, a ce ya gode. Ni na shiga na zubo wa baƙon abinci.